Yaya kuke yi da bakin mutane idan yaro mai lalurar otizim ya rikice a cikin jama'a?

Wata uwa daga Unguwar Dosa a Kaduna ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗana na fari yana da shekara 6, kuma tun yana ɗan shekara 3 da rabi likita ya tabbatar mana cewa yana da lalurar otizim, wadda nake ji ana kira galahanga a gidajen rediyo. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi kaɗan ba, ba ya son a taɓa shi ba zato ba tsammani, kuma ƙara mai ƙarfi tana gigita shi fiye da yadda zan iya kwatantawa. A cikin gida mun fahimci juna da shi, har na san abin da yake nufi idan ya kama hannuna ya ja ni zuwa bakin randa. Waje ne ya gagare ni.

Ana saura kwana 5 ƙaramar Sallah na ɗauke shi zuwa babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi domin in saya masa takalmi, tunda tela ya riga ya gama ɗinki, shi kuwa takalmi sai an gwada. Muna tsaye a bakin wani shago aka ɗauke wuta, sai maƙwabcin shagon ya tayar da janareto a daidai bayanmu, ga kuma mai tallan magani yana wucewa da lasifika. Yaron ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya fasa ihu, ya zube ƙasa yana buga ƙeyarsa da dandamalin shagon. Kafin in durƙusa mutane sun kewaye mu.

Wata mata da za ta yi sa'ar mahaifiyata ta ce, "Baiwar Allah, wannan ai sangarta ce, ku 'yan boko kun lalata tarbiyya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Wata kuma ta ce iska ce, in yi maza in kai shi a yi masa ruƙiyya, har ta matso tana yi masa tofi. Wani mutum ya fizgi damtsensa ya ɗaga shi tsaye yana daka masa tsawa, yaron ya cije shi a hannu, shi kuma ya ɗaga hannu zai mare shi, sai da na shiga tsakani. Da na ɗago kai sai na ga wani saurayi ya saita mu da waya. Ban sayi takalmin ba. Na saɓa yaron a kafaɗa, na tsayar da keke napep, ni kuka shi kuka tun daga titin Ahmadu Bello har Kawo.

Yau wata 4 ke nan ban fita da shi ko'ina ba sai makaranta. Maigidana ya ce in riƙa barin yaron a gida wajen ƙanwarsa, wato gwaggon yaron, duk lokacin da zan fita, wai hakan ya fi rufin asiri. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba, domin ban ga laifin da ya yi ba da za a mayar da gida kurkukunsa. Ga shi ƙanwata ta kusa haihuwa, kuma ban san yadda zan yi da taron suna ba. Ina roƙon iyayen da suka riga ni shiga wannan hali su faɗa mini abin da suke cewa idan mutane suka fara magana. Shin tsayawa ake yi a yi wa kowa bayani, ko shiru ake yi, ko kuwa ramawa ake yi? Ni dai a ranar ban iya ko ɗaya ba.

Wata uwa daga Unguwar Rimi ta amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lada. Tawa 'yar shekararta 9, kuma irin wannan rana taki na ga ta fi a ƙirga, saboda haka zan faɗa miki abin da na koya, ba don na fi ki haƙuri ba, sai don na riga ki shan wuyar.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne, da zarar yarinyar ta rikice sai hankalina ya rabu biyu, rabi a kanta rabi a kan masu kallo, kuma rabin da ke kan masu kallo ya fi girma. Ina ba su haƙuri, ina murmushin dole, ina ce mata ta yi shiru tana ba ni kunya. Ita kuwa a wannan lokaci ba ta ma jin abin da nake faɗa. Ranar da na daina kallon fuskokin mutane abin ya fara sauƙi. Yanzu idan ta zube, zama nake yi a ƙasa kusa da ita ko da a cikin ƙura ne, in juya wa jama'a baya, in buɗe hijabina in lulluɓe mu tare kamar an kafa rumfa. A ƙarƙashin hijabin akwai duhu, ƙara ta ragu, ba ta ganin idanun kowa, ni ma ba na gani. Ba na yi mata magana, sai dai in ɗora tafin hannuna a ƙeyarta don kada ta ji ciwo. Wani lokaci minti 5 ya isa, wani lokaci ya fi haka.

Game da abin da za ki ce, kada ki tsaya dogon bayani, domin kasuwa ba aji ba ce. Magana ɗaya na haddace kamar karatun allo, ita nake maimaitawa ko mutum nawa ne suka yi magana: "Tana da lalura ne, hayaniya ce ba ta iya jurewa, don Allah ku ɗan ba mu wuri." Kalmar lalura tana da nauyi a kunnen Bahaushe. Mafi yawan waɗanda suka fara da faɗa, da sun ji ta sai ki ga jikinsu ya yi sanyi sun koma "Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya."

Akwai kuma dabarar da na gano daga baya. Mu a wurinmu ɗa na kowa ne, shi ya sa wanda bai taɓa ganinki ba yake jin yana da ikon tsawata wa ɗanki. Ba za ki iya cire wa mutane wannan ba, kuma ni ban ma so a cire ba, tunda shi ne yake sa idan yaro ya nufi titi wani ya kamo shi. Abin yi shi ne ki ba mai shisshigin aiki. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi nake duba in ce, "Baba, don Allah tsayar mana da keke," ko "Hajiya, taimaka ki riƙe mini jakar nan," ko in ce wa mai shago ya roƙi maƙwabcinsa ya kashe janareto na ɗan lokaci. Mutumin da ya zo da niyyar yi miki wa'azi, idan kika ɗora masa hidima, sai ya koma shi ke korar sauran mutane. Ba kullum take ci ba, akwai waɗanda sai sun amayar da abin da ke cikinsu, amma ta fi cin nasara a kan ramuwa. Na taɓa ramawa a gidan biki, na gaya wa wata mata maganar da har yau nake jin kunyarta, kuma duk tsawon cacar bakin 'yata tana ƙasa ba mai kula da ita.

Batun takalmi kuwa, ki sa ƙafarsa a kan kwali ki zana da biro, ki yanke ki tafi da shi kasuwa. Ba na ce ki daina fita da shi ba, amma kasuwar jajibirin Sallah ko babba tana sa masa ciwon kai. Ki fara da shagon unguwa da safe, ki koma gida tun bai gaji ba.

Wani malamin Islamiyya daga Tudun Wada ya amsa:

Malama, Allah ya sanya wannan ɗawainiya a mizani. Ba ni da ilimin likitanci, amma ina da abin cewa a kan masu jingina tsangwama da addini. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita saboda ya san halin da uwar yaron take shiga. Ki lura, bai aika a ce mata ta fita da ɗanta ba, bai kuma tuhumi tarbiyyarta ba, shi ne ya rage tsawon sallarsa. Haka nan lokacin da baƙauye ya yi fitsari a masallaci sahabbai suka taso masa, cewa ya yi su ƙyale shi ya gama, sannan aka zuba ruwa a wurin. Wannan baligi ne mai hankali, ina ga ƙaramin yaro da ƙara ta firgita?

Waɗanda suka yanke miki hukunci a kasuwa zato suka yi, kuma Suratul Hujurat ta gargaɗe mu da mu nisanci yawan zato. Addu'a da tofi ga yaro alheri ne, ki yi masa da kanki safe da yamma. Amma ina gargaɗinki da duk wanda zai ce zai fitar masa da aljani ta hanyar duka, ko ɗaurewa, ko turara masa hayaƙi mai shaƙewa a ɗaki rufe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Malali ta amsa:

'Yar'uwa, ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Maman da ke Unguwar Rimi, domin idan kika san abin da ke faruwa a jikin yaron, maganar mutane za ta rage yi miki zafi. Rigimar shagwaɓa daban, abin da ya sami ɗanki daban. Yaro mai shagwaɓa yana birgima ne don a ba shi wani abu, yana kuka yana satar kallonki ya ga ko kin sauko, kuma da kin miƙa masa alawar zai share hawaye. Mai otizim da ƙara ko cunkoso ko haske suka yi wa yawa ba ya neman komai, ƙwaƙwalwarsa ce ta cika ta tumbatsa, ko za ki ba shi shagon gaba ɗaya ba zai daina ba sai abin ya lafa. Shi ya sa tsawa da duka suke ƙara wutar, kuma cizon da ya yi wa mutumin nan kare kai ne irin na wanda aka damƙe cikin firgici. Yawanci akwai alamu kafin a kai nan, kamar toshe kunne, ko yawan kaɗa hannu, ko maimaita kalma ɗaya, ko jan ki zuwa ƙofa. Idan kika ga haka ki bar cinikin ki fita da shi. Akwai kuma abin rufe kunne irin na masu aiki kusa da manyan injuna, yana taimakon yara da yawa idan sun yarda sun saka.

Ɗora wa uwa laifi ba a Kaduna aka fara ba. A 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana wannan lalura a rubuce bayan ya lura da yara 11, kuma shekaru da dama bayan haka har masana a can suna cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo ta. Bincike ya rushe wannan magana tuntuni. Abin da aka sani yanzu shi ne lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun da wuri, gado yana da babban kaso a ciki, kuma an fi gano ta a yara maza. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita, wato ke nan a kasuwar da aka kewaye ki da wuya a ce babu wani mai irin ɗanki a danginsa, sai dai an ɓoye shi a gida ko an sa masa wani suna.

Za ki kuma haɗu da masu ce miki allurar rigakafi ce. Asalin wannan zance wani rahoto ne da aka buga a Ingila a 1998 a kan yara 12, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma a shekarar aka soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Kada wannan ya hana ki yi wa ƙannensa rigakafi.

Abu ɗaya da nake so ki kiyaye: wasu masu otizim suna haɗawa da farfaɗiya. Idan kika ga ya sandare, ko idanunsa sun kafe, ko jikinsa yana fizga bai san inda yake ba, wannan na asibiti ne ba na lulluɓa hijabi ba. Muna da asibitin Barau Dikko a cikin gari, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Na san iyaye da yawa suna gudun Barnawa saboda sunan da aka laƙaba wa wurin, suna tsoron a gan su a bakin ƙofa, wanda shi ma dai bakin mutanen ne yake hana yaro samun taimako.

Wani uba daga Rigasa ya amsa:

Hajiya, ina yi miki sannu. Na karanta amsoshin da suka gabata kuma na ƙaru, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ɗana shekararsa 14, kuma mun yi shekaru muna cewa "ba shi da lafiya" ko "yana da lalura" a gabansa, muna ɗauka ba ya fahimta tunda ba ya tanka wa. Wata rana na ce ya shirya mu tafi masallaci, sai ya ce mini, "Ba ni da lafiya, ku yi haƙuri," da irin muryata da irin lafazina. Jikina ya mutu. Ashe duk abin da muke faɗa yana adanawa. Tun daga ranar na daina ba da haƙuri a madadinsa idan bai ɓata wa kowa komai ba, abin da nake cewa shi ne "hayaniya ce ta dame shi, zai huce." Ban ce Maman Unguwar Rimi ta yi kuskure ba, kalmar lalura tana kashe wuta da sauri, amma a yi ta ƙasa-ƙasa ga wanda ya kamata, kada ta zama sunan da yaro yake jin ana kiransa da shi kullum.

Magana kuma daban, hannu daban. Mai surutu ki bar shi da surutunsa, amma wanda ya kai hannu jikin yaro ko ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, wannan ba wurin kawaici ba ne, ki ɗaga murya ki ce "kada ka taɓa shi," ki ce "sauke wayar nan." Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, da naira miliyan 1 ga kamfani. Ba wanda zai kai tsohuwar kasuwa kotu don ta ce sangarta ce, amma yana da kyau ki sani idan wani wuri ya ce ba za a shiga da ɗanki ba.

Dalilin da ya sa nake ganin shawarar ɓoye shi a gida tana da haɗari shi ne, ɗan shekara 6 ba zai tabbata a shekara 6 ba. Yau sangartacce ake ce masa. Ranar da ya zama saurayi ya miƙa hannu ya ɗauki lemo a teburin mai shago bai san ana biya ba, wani sunan za a kira, kuma duk wanda ya san garin nan ya san abin da ke biyo bayan ihun ɓarawo. Wannan tunani ne ya hana ni barci, har na kama hannun ɗana na zagaya da shi layinmu. Na gabatar da shi ga mai unguwa, da limamin masallacinmu, da 'yan sintiri, da mai shayi, da masu shaguna, na ce duk abin da ya ɗauka a rubuta zan biya. Kullum akwai takarda a aljihun rigarsa mai ɗauke da sunansa da lambar wayata. Sau biyu yana ɓacewa, sau biyun kuma masu keken bakin layi ne suka dawo da shi kafin a kai ga cigiya a lasifikar masallaci, saboda sun san shi.

Ina roƙon ki nuna wa maigidanki wannan saƙo. Na lura idan ni na fita da yaron ya rikice, cewa ake yi "sannu Alhaji, Allah ya ba da lada," idan mahaifiyarsa ce sai a ce ba ta iya tarbiyya ba, alhali yaron ɗaya ne, ihun ma ɗaya ne. Ɗan'uwa, ka riƙa fita da shi da kanka, ko zuwa wajen mai aski ne a lokacin da ba layi.

Uwar da ta yi tambaya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya shirya mana zuri'a. Maigidan ya karanta saƙon Baban da ke Rigasa har sau biyu bai ce komai ba, amma da la'asar na ga ya kama hannun yaron sun tafi wajen mai shagon bakin layi, sun dawo da biskit.

Jiya na gwada fita da shi a keke zuwa Unguwar Sarki. Wata babbar mota ta danna hon a kusa da mu, ya toshe kunne ya fara ihu, matar da ke gefena ta ja tsaki ta ce yaran yanzu sai addu'a. Na lulluɓe shi da hijabi, na ce mata hayaniya ce ta dame shi zai huce, ko da yake muryata rawa take yi. Ba ta daina gunaguni ba har ta sauka, amma mai keken ya kashe rediyonsa ba tare da na roƙe shi ba.

Sunan ƙanwata kuwa mun yanke shawara za mu je da sassafe tun kafin mata su cika gida, kuma na riga na ce mata ta bar mana ɗakin ƙurya a buɗe. Malama mai jinya, don Allah a wane irin shago ake samun abin rufe kunnen nan, kuma akwai wanda zai yi daidai da kan ɗan shekara 6?